Na'urar ƙarfafa jiki mai naɗewa: tambayoyi da amsoshi ga mai atisaye a gida a Abuja

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga masu amfani da ƙaramar na'urar motsa jiki da ake naɗewa a jingine a bango ko a tura ƙarƙashin gado. Yawancin masu tambayar ma'aikata ne da ke tasowa daga Kubwa, Lugbe, Nyanya ko Mararraba, waɗanda cunkoson hanya ba ya barin su su je gidan motsa jiki bayan an tashi aiki.

Wace irin na'ura ake nufi, kuma ina nauyin yake fitowa tunda babu ƙarfen ɗagawa?

Iri uku ne suka fi yawa. Akwai mai allo: dogayen ƙarafa biyu a jingine, gefe ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ga allo mai katifa yana gudu a kansu bisa ƙananan tayoyi. Mutum zai kwanta ko ya zauna a kai, ya ja igiya ko ya tokare ƙafa ya tura, sai allon ya hau da shi. Nauyin jikinsa yake ɗagawa, kuma iya ɗaga gefen sama iya wuyar aikin. Total Gym ce sananniya a wannan iri, kwaikwayonta kuwa birjik. Akwai mai roba, ko sifirin, ko sanduna masu lanƙwasuwa irin na Bowflex, inda ake ƙara nauyi da saƙala ƙarin roba ko sanda a ƙugiya. Sai mai lantarki, wadda injin cikinta ke riƙe igiyar. Ita wannan sai mai sola ko inbata, don in an ɗauke wuta aiki ya tsaya.

Dukansu suna ƙarfafa jiki. Tsoka ba ruwanta da ƙarfe ne ko roba, muddin an sa ta aikin da ya fi wanda ta saba. Yawancin bayanan da ke ƙasa sun fi karkata ga mai allo da mai roba.

Ɗaki ɗaya nake haya. Za ta shiga?

A auna da tef kafin a biya kuɗi, kuma tsawonta a buɗe za a tambaya, don hoton talla a naɗe ake nuna ta. Mai allo takan ci mita biyu da kwata zuwa biyu da rabi a tsawo. Faɗinta bai cika wuce rabin mita ba, amma hannuwa suna buɗewa gefe da gefe, saboda haka a bar kamar mita ɗaya dama da hagu. A tayil tana zamewa, sai a shimfiɗa tabarmar roba mai kauri a ƙarƙashin ƙafafunta. Darduma ko ledar ɗaki ba za su riƙe ta ba. Wanda yake bene, robar nan za ta rage wa maƙwabcin ƙasa ƙarar dirar allo.

Lambobin da ke jikinta kilo ne?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. A mai allo, lambar matakin tsayi ce kawai. Lissafin irin na tura baro ne a hawa: kayan suna nan yadda suke, tudun ne yake ƙaruwa. A ce nauyinka kilo 70, allon kuma a ce kilo 10, jimla 80. In karkatar ta kai digiri 10, abin da ƙafafunka ke turawa kusan kilo 14 ne. A digiri 20 kusan kilo 27, a digiri 30 kuma rabin jimlar, wato 40. Idan kuma igiya kake ja da hannu biyu, kuma ta bi ta 'yar tayar da ke jikin allon, nauyin ya sake raguwa zuwa rabi. Shi ya sa miji mai kilo 95 da matarsa mai kilo 60 za su hau mataki na huɗu, amma aikin da kowa ya yi daban.

A mai roba da mai sanda matsalar wata ce. Lambar yawanci fam ce irin ta Amurka, fam ɗaya kuwa kilo 0.45 ne, don haka 210 da aka rubuta kusan kilo 95 ke nan. Wannan ma ba a farkon ja ake samunsa ba, domin roba da sanda suna da sauƙi a farko, sai an miƙe su suke tauri. Kada wanda ya ja 50 a nan ya je gidan motsa jiki ya ce a ɗora masa kilo 50. Amfanin lambar shi ne mutum ya gwada kansa na yau da na makon jiya, kamar yadda aka yi bayani a amsar ƙarin nauyi.

Me zan duba kafin in hau, kuma yaya ake naɗe ta ba tare da ta datse yatsa ba?

Minti ɗaya ya isa. A tabbatar fil ɗin da ke riƙe matakin tsayi ya shige har ya ɓullo ta ɗaya gefen, domin fil da ya shiga rabi yakan zare lokacin da mutum yake tsakiyar aiki, gefen sama ya rufto da shi. A bi igiyar da yatsu daga mariƙi zuwa mariƙi, ana neman inda ledar ta tsage ko silin waya ya fito. An fi samun wannan a bakin ƙugiya da inda igiyar ke lanƙwasa a kan taya. A danna kowace ƙugiya a ga bakinta yana komawa ya rufe da kansa. Roba kuma a ɗan miƙe ta a haske: in an ga tsage-tsage ƙanana, ko ta yi fari-fari, ko tana danƙo a hannu, ta gama aiki. Robar da ta tsinke tana komowa da ƙarfi, kuma ido ne ya fi shan wahala, don haka ba a jan roba saitin fuska.

Wajen hawa, allon ya kasance a ƙasa, a riƙe mariƙan kafin a zauna, a sauka kuma bayan allon ya tsaya cak. Wajen naɗewa tsarin ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, sai a bi takardar da ta zo da ita, amma abin da suka yi tarayya a kai shi ne a cire faifan da ake tokare ƙafa a kai, a saukar da tsayin zuwa matakin naɗewa, a kama ta inda aka tanada don kamawa, yatsu nesa da mahaɗar tsakiya. In akwai yara a gidan, a kulle ta da fil ko a ɗaure ta da bel bayan an jingine. Yara suna ɗaukar allon abin wasan sulu, tayoyin kuma ba sa barin yatsa.

Ban taɓa yi ba. Da me zan fara, sau nawa a mako?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi atisayen ƙarfafa manyan tsokoki aƙalla kwana biyu a mako, ban da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi irin su tafiya da sauri. Ga mai farawa, kwana biyu ko uku da hutun yini a tsakani sun wadatar, misali Litinin, Laraba da Asabar. A ɗumama jiki minti biyar da tafiya a wuri ɗaya da juya kafaɗu, sannan a yi zagaye ɗaya a mataki mafi sauƙi.

Motsi shida sun game jiki. Na ƙafa: a kwanta rigingine a allo, tafin ƙafa a kan faifan tokara, a lanƙwasa gwiwa har cinya da ƙwauri su yi kusurwa, a tura a miƙe ba tare da an ƙame gwiwa ba, gwiwar tana bin saitin yatsun ƙafa. Na ƙirji: a zauna an juya wa gefen sama baya, a tura mariƙan gaba daga saitin ƙirji. Na gadon baya: a zauna ana fuskantar gefen sama, a jawo mariƙan zuwa haƙarƙari, ana matse allon kafaɗa a baya. Na gefen baya: a kwanta kai yana sama, a jawo daga saman kai zuwa cinya. Sauran biyun a ƙasa ake yi: a kwanta a ɗaga ƙugu sama don ɗuwawu da bayan cinya, sannan a kife a tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe, daƙiƙa 20 zuwa 30.

Kowane motsi sau 8 zuwa 12, zagaye biyu a makonni biyun farko, daga nan uku, da hutun minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A ja cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, a mayar a hankali cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Mayarwar ce mutane suke zubarwa: suna sakin allon ya gangaro da kansa ya doki ƙasa, rabin aikin ya tafi a banza, tayoyin kuma suna mutuwa da wuri.

Yaushe zan ƙara nauyi?

Matakin da ya dace shi ne wanda in ka kai na goma kana jin saura biyu ko uku kawai za ka iya. Ranar da ka cika 12 a dukan zagayen, ba karkacewa ba fizga, kuma ka maimaita hakan a zama na gaba, sai ka hau mataki ɗaya ko ka ƙara roba mafi ƙanƙanta. Ƙirgar za ta koma 8 ko 9, ka sake hawa da ita. Kowane motsi da matakinsa: ƙafa za ta tsere wa hannu nesa ba kusa ba.

A sami ƙaramin littafi, a riƙa rubuta kwanan wata, motsi, mataki da ƙirga. Yawancin masu cewa na'urar ba ta aiki sun yi wata huɗu a mataki ɗaya da ƙirga ɗaya. Ƙarfi yakan fara bayyana a makonni uku zuwa huɗu, saboda jijiyoyi sun koyi aikin. Canjin da ido zai gani a tsoka kuwa sai wajen wata biyu zuwa uku.

Jikina ya yi tsami har ba na iya ruku'u sosai. In ci gaba?

Tsamin da ke zuwa bayan kwana ɗaya, ya tsananta a na biyu, ya lafa a na uku ko na huɗu, abu ne da aka saba, kuma yana raguwa in jiki ya saba. Tafiya da motsi mara nauyi sun fi kwanciya amfani. Wanda ake tsayawa dominsa shi ne ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon baya mai sauka ƙafa da dindiris. Idan kuma bayan atisaye mai tsanani tsoka ta kumbura, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, asibiti za a tafi a ranar, domin alama ce ta rugujewar tsoka da kan taɓa ƙoda. Ciwon ƙirji, jiri ko ɗaukewar numfashi ana cikin aiki, su ma a tsaya nan take a nemi likita.

Za ta rage mini tumbi?

Ita kaɗai, da wuya. Motsin ciki yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitse, amma jiki ba ya ƙona kitsen wuri don an motsa wurin. Tumbi yana sauka ne in abin da ake ci ya gaza abin da jiki ke ƙonawa: a rage lemon kwalba, sukarin shayi da malmalar dare, a ƙara tafiya. Aikin na'urar a nan shi ne ta tsare tsoka kada ta zube tare da kitsen.

Ina da hawan jini. Akwai haɗari?

Wanda jininsa yake daidaituwa da magani yakan amfana da wannan atisaye, amma likitansa ne zai ba da izini tukuna. A auna kafin a fara. In ya kai 180 bisa 110, ba a hawa na'ura ranar, asibiti ake nema. Babban kuskure shi ne riƙe numfashi ana yunƙuri, domin yana cilla jini sama nan take. A fitar da numfashi lokacin ja ko turi, a shaƙa lokacin mayarwa. Ƙirgawa da baki a bayyane tana hana riƙewar. A zaɓi nauyin da za a iya yi sau 12 zuwa 15, a kauce wa duk motsin da kai ke komawa ƙasa da ƙafafu a kan allo, a kuma tashi zaune a hankali don gudun jiri.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin, ko shan ƙwayar da kan saukar da suga sosai, ya auna kafin da bayan atisaye, ya ajiye dabino ko sukari kusa. Mai sikila kuma ya guji aiki har gajiya ta ƙure, ya sha ruwa sosai, domin ƙishirwa da wahala suna tayar da ciwon.

Na haihu wata uku da suka wuce. Zan iya amfani da ta maigidana? Kuma ba na son jikina ya murɗe irin na maza.

Barka da arziki, Hajiya. A bari sai an je awon bayan haihuwa na mako shida an sami izini, wadda aka yi wa aiki kuma takan jira fiye da haka gwargwadon abin da likita ya gani. Ki gwada abu ɗaya: ki kwanta rigingine, ki ɗago kai kaɗan, ki taɓa saitin cibiya. In kin ji rami mai faɗin yatsu biyu ko fiye, ko kin ga tsakiyar cikin ya tullo, tsokar ciki ba ta gama haɗewa ba, sai ki bar motsin naɗe ciki ki nemi likitan gashin ƙashi. Haka in fitsari yana zubowa lokacin yunƙuri. Ki fara a mataki na ɗaya ko na biyu, ba matakin maigida ba, saboda dalilin da aka kawo a amsar lambobi.

Maganar murɗewa kuwa ki kwantar da hankali, sinadarin da ke gina irin wannan tsoka kaɗan ne a jikin mace. Abin kula na gaske shi ne sutura. Bakin hijabi, zani, doguwar riga da jelar kitso suna shiga tsakanin allo da ƙarfe, tayar ta naɗe su tana ja. A sa wando da riga daidai jiki, a ɗaure gashi a tura shi cikin hula. Maza ma jallabiya ba ta hawa allo.

Mahaifina yana da shekara 68. Ya dace da shi?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ya dace, domin ƙarfin cinya shi ne tashi daga tabarma da hawa mota ba da taimako ba. Ga masu shekara 65 zuwa sama, hukumar da aka ambata ta ƙara da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako don rage faɗuwa. Wahalar mai allo ga dattijo ita ce hawa da sauka, don allon yana motsi kuma yana kusa da ƙasa. Wani ya tsaya ya riƙe masa shi har ya zauna daram. A fara da na ƙafa da na gadon baya kawai, sau 10, a duba amsar hawan jini kafin ranar farko.

Da azumi fa, ko lokacin zafin Maris da Afrilu?

A watan azumi burin shi ne a riƙe abin da aka samu. Zama biyu a mako, zagaye biyu, a matakin da aka saba. Lokacin da ya fi shi ne bayan an sha ruwa da awa ɗaya zuwa biyu, ko bayan Asham, don ana iya shan ruwa ana yi. Da tsakar rana ba a yi. A bazarar Abuja kuma bayan Asuba ya fi, a buɗe taga, gorar ruwa a gefe, a shimfiɗa tawul a allon don gumi yana sa baya ya zame.

Sai na sayi garin furotin na gwangwani?

Ba dole ba ne. Mai neman gina tsoka yana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na jikinsa a rana, wato kusan giram 110 ga mai kilo 70. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin madara kusan 8, dafaffen nama ko kifi giram 100 kuma sama da 20. Wake, alale, ƙosai, awara, kindirmo da ƙuli-ƙuli duk suna cikin lissafi, kuma raba su a ci uku ya fi tara su a tuwon dare. Abin gudu shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Kitse da ruwa suke tarawa, wasunsu kuma suna haddasa hawan jini da suga, har su raunana tsokar da ake nema.

Allon ya fara ƙara yana cijewa. In zuba masa baƙin mai?

Kada a zuba. Ƙurar hunturu ce yawanci, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tana kwanciya a kan ƙarafan, tayoyin su taka ta ta zama baƙin danƙo. Mai ko giris zai haɗe da ƙurar ya zama taɓo mai cin taya. A goge ƙarafan da tsumma mai ɗan damshi, a bi da busasshe, a ɗaga allon a juya kowace taya da yatsa, a zare gashi da zaren da suka naɗe a gindinta. In taya ta lotsa a gefe ɗaya ko tana rawa, sai canji. Notuna kuma a bi su da sifana duk wata.

Roba rana ce da zafi ke kashe ta, sai man shafawa irin su basilin da ke hannu. Kada a bar ta a baranda ko a but ɗin mota, kada kuma a miƙe ta fiye da ninki biyu da rabi na tsawonta. Roba da sanda duka a cire su daga ƙugiya bayan an gama, don in sun kwana a miƙe suna saki. Da damina tsatsa ce abin tsoro, sai a goge gumi daga ƙarfe a lulluɓe na'urar da tsohon zanin gado.

Na ga ta hannu da araha. Me zan lura da shi?

Sai an buɗe ta an hau kafin a yi ciniki. A nemi takardar da ke manne a jiki mai nuna iyakar nauyin mai hawa, wanda yakan kama daga kusan kilo 110 zuwa 180 gwargwadon iri. A duba walda a mahaɗa ko akwai tsaga ko sabon fenti da aka rufe wani abu da shi, a hango ƙarafan daga gefe ko sun lanƙwashe, a ƙirga fil-fil da ƙugiyoyi. In an maye gurbin fil da ƙusa ko guntun rodi, a haƙura. Igiya da tayoyi su ne masu mutuwa, kuma samun daidai girmansu a nan yakan yi wuya, don haka a tambayi inda za a same su tun kafin a biya. Igiyar da aka ƙulla ko aka naɗe da salatif ba gyara ba ce.

Na kai matakin ƙarshe, kuma na ƙafa ya zama wasa. Shi ke nan ta gama mini amfani?

Da saura. Lissafin da ke amsar lambobi ya nuna cewa ko a sama ƙafa biyu ba sa samun abin da ya wuce kusan rabin nauyin jiki da na allo, don haka a koma ƙafa ɗaya, nauyin da ke kanta ya ninka nan take. A sauko mataki biyu ranar farko, a kula kada gwiwa ta faɗa ciki. Ana kuma iya rage gudu, a sauka cikin daƙiƙa huɗu a tsaya biyu a ƙasa, ko a ƙara zagaye na huɗu. Wasu na'urorin suna da sandar ɗora faifan ƙarfe ko wurin saƙala roba a ƙasan allo. In babu, a rungume jakar goyo mai littattafai a ƙirji, amma a haɗa nauyin jiki da na jakar a tabbatar ba su haura iyakar da aka rubuta ba. Wanda ya kai sau 15 da ƙafa ɗaya a matakin ƙarshe da jaka a ƙirji, ƙafafunsa sun wuce na'urar, sai ya bar mata aikin baya, ƙirji da kafaɗa, ya nemi ƙarfen ɗagawa don cinya.